Akuya ga Tela, Teku ga Yarinya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ce ta ba ni wannan littafin, wai in riƙa rubuta lokutan maganin Baba. Na rubuta su a shafin ƙarshe. Sauran shafukan nawa ne. Rabona da dogon rubutu tun ina aji biyar, hannuna ma sai karkacewa yake yi.

Yau kwana tara da Baba ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Jiya aka sallamo shi daga asibiti. Tunda muka kwantar da shi ya juya wa ɗakin baya, fuskarsa tana kallon bango. In an kawo abinci ya ci cokali uku da hannun hagu, ya ture kwanon. Likita ta ce yana jin komai, yana gane komai, maganar ce take maƙalewa a hanya. Ta ce za ta iya dawowa in shi ma yana so. Wannan "in yana so" ɗin ne ya tsaya mini a rai.

Yaya ta kira ni tsakar gida. Ta ce, "Auta, ba zan iya barin aikina da yarana fiye da wata guda ba. Ran talatin zan koma, kuma da Baba zan tafi. Shagon a rufe shi. Mai sayar da wayoyi ya daɗe yana neman wurin."

Na ce, "Yaya, shekara talatin da ɗaya yana cikin littattafan nan. In kika raba shi da shagon, me ya rage masa?"

Ta ce, "Ni na raba shi? Sau uku ina ambata masa shagon, ko motsi bai yi ba. To ji nan. In ya nuna yana son shagonsa, na gani da idona, zan bar shi. In ba haka ba, ran talatin."

Ba da zafi ta yi maganar ba. Idanunta duk sun faɗa, a kan kujerar asibiti ta yi kwanakin nan.

Na rufe rumfata ta gyaran fanka, na karɓi makullin shago.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Kujerarsa tana nan a kife yadda ta faɗi. Tabaransa a ƙarƙashin tebur, gilashi ɗaya ya tsage. Na tayar da kujerar, na share wurin. Ban tsaya kallo ba.

Ni ɗan mai shagon littattafai ne, amma in ka gan ni a nan, kwali na kawo, in dire in fice. Na san dai Baba ba ya ɗora sabon littafi a kanta sai ya karance shi daga farko har ƙarshe. A gida dariya muke yi masa, wai mai shago yana cinye kayan shagonsa. Abin da ban sani ba shi ne 'yar kantar da ke bayan teburinsa, daidai gwiwa, inda mai saye ba ya gani. Sababbin littattafai ne a jere, kowanne da guntuwar takarda ta leƙo daga samansa kamar harshe. Jikin kowace takarda akwai rubutunsa.

"Direban motar makaranta. Kullum awa biyu yake yi yana jira."

"Malamar aji uku. Don kanta, ba don aji ba."

"Mai burodi, amma ba yanzu ba. A bari ta huce."

"Tagwayen gidan sama. A ba su guda ɗaya tak, su yi faɗa su shirya."

Na zauna a ƙasa na karance su, goma sha bakwai. Ashe in yana karatu, unguwar nan kaf tana zaune a cikin kansa. Mu kuwa muna cewa ya manta da duniya.

Akwai kwali ɗaya a bakin ƙofa da ba a buɗe ba. Ranar da Baba ya faɗi ya iso. Ni na kawo shi. Ni ne na ƙarshe da ya yi magana da shi, kuma ba zan rubuta abin da na ce masa ba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Direba ya zo gaisuwa. "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Na miƙa masa nasa. Ya buɗe a tsaye, ya karanta shafin farko, ya juya na biyu, ya fita bai yi sallama ba, har ya buge kafaɗa da ƙyaure. Sai da ya kai bakin titi ya waiwayo ya ce, "Kai, tsohon nan matsafi ne?"

Amma takardu biyu sun hana ni sukuni.

Akwai wani ɗan siririn littafi mai shafi goma sha shida, na wata akuya da take tsoron haye gada. Hoto ya cinye kowane shafi, rubutun layi biyu ne, baƙaƙen manya-manya. Takardarsa ta ce, "Tela." Kawu Tela abokin Baba ne, shagonsa na ƙarshen layi, gemunsa fari fat.

Akwai kuma wani ƙato mai nauyin bulo, na abin da ke can ƙasan teku, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Takardarsa ta ce, "Sarkin Tambaya." Wannan yarinya ce 'yar shekara tara, 'yar nas ɗin da ke bayan shago.

Na daɗe ina juya su. Abin da ya zo mini shi ne ciwon ya fara taɓa shi tun kafin ranar, ya soma rikita abubuwa ba wanda ya lura. Ni ma ban lura ba. Ba na son kowa ya ga wannan a aikinsa. Na zare takardun na musanya su.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kawu Tela ya zo da la'asar, shagon da mutane, malamar aji uku da wasu samari biyu. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Baba, ya ɗan yi tsaye yana kallon bayan tebur. Sannan ya ce a hankali, "Injiniya, ko babanka ya bar mini wani saƙo?"

Na ɗauko na tekun da hannu biyu na dire masa. Na ce da ƙarfi, har da fara'ata, "Ga shi, Kawu. Da har an yi kuskure an sa maka na akuya, irin na 'yan rabin aji. Na ce haba, Kawu da girmansa!"

Samarin suka yi dariya. Shi ma ya yi, 'yar gajera. Ya ɗauki littafin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya fita. Na lura a kife ya riƙe shi, amma na ce ai sauri yake yi.

Baba yau cokali biyu.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sarkin Tambaya ta shigo da jakar makaranta a baya. Ba ta kai tsayin tebur sosai ba, haɓarta take ɗorawa a kai. Na ba ta na akuya. Ta kalle shi, ta kalle ni.

"Malam Mai Fanka, wannan na waye?"

"Naki."

"Ni ce zan karanta akuya? Me na yi maka?"

Na ce ai na yara ne.

"Baba Mai Littafi ya ce ya ajiye mini na teku. Ya ce akwai kifi mai fitila a goshi. Na tambaye shi wa yake kunna masa, ya ce ba zai gaya mini ba, in nemo da kaina. Sati uku ina jira. Ina yake?"

Ta ture mini akuyar da ɗan yatsa ɗaya, ta ce, "In ba ka iya aikin ba ka tambaye ni mana."

Ashe ta nan ɓangaren Baba bai rikice ba. To ta ɗaya ɓangaren fa?

Asabar, 9 ga wata, da safe

Na tarar da littafin tekun a bakin ƙofar shago, an naɗe shi tsaf a ƙyalle, an ɗaure da zare. Ba saƙo.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bango. Cokali uku. Bango.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Kwana biyar Kawu Tela bai biyo ta gaban shago ba. Ta bayan layi yake zagayawa, na gan shi. Yau na ɗauki sukudireba na je, na ce na ji fankarsa tana ƙara. Ba ƙarya na yi ba, shekara biyu tana ƙara.

Ya ce bismilla, bai ɗago daga keken ɗinki ba. Na hau benci ina kwance fankar. Daga sama ana ganin abin da ba a gani daga ƙasa. A saman kabad ɗinsa, bayan tulin yaduka, akwai littattafan yara sun kai talatin, a jere, an yi wa kowanne riga da ƙyalle. Kawu ba shi da jika a garin nan, kowa ya sani.

Da na sauko neman tsumma sai na ga littafin awonsa a buɗe. Na san bai kamata ba, amma na duba. A tsofaffin shafukan babu suna ko ɗaya. Zane ne. Keke, ga awo a ƙasa. Gashin baki, ga awo. Kunne ɗaya babba. Haka yake gane masu kayansa tsawon shekara arba'in. Ina juyawa zuwa baya-bayan nan sai zanen ya fara raguwa, baƙaƙe suka fara fitowa, manya, a karkace, an danna biro har ya huda takarda. Shafin ƙarshe suna ne cikakke, babu zane.

Na zauna a kan bencin.

Ya tsayar da keken. Ya ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya warware zare daga ɗan yatsa. Can ya ce, "Shekara biyu da rabi. Babanka bai taɓa ce mini zo in koya maka ba. Rannan dai ya miƙo mini ɗaya a naɗe, ya ce, 'Tela, duba mini ɗinkin littafin nan, kamar ba shi da ƙwari.' Na kai gida na duba ɗinki, na duba hoto. Da na mayar ya ce, 'Wannan kalmar ta ƙasan karen, kare ce.' Shi ke nan. Wani satin ya ba ni wani in duba ɗinki. Har yau ɗinki nake dubawa."

Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu. Ya ce, "Ya ce mini na akuyar yana da kalma uku da ban taɓa haɗuwa da su ba. Su nake jira."

Na ce masa ni ma da yatsa nake bin layi, in na kai ƙarshen shafi na manta farkonsa. Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan mai littattafai?" Na ce ɗan mai littattafai. Ya ce, "To gyara mini fankar tukuna, kada mu yi asara biyu."

Shekara ashirin da shida ina cin abinci kwano ɗaya da Baba, ban san shi ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Akuya ta koma wurin Tela, a naɗe. Teku ya koma wurin mai shi. Da ƙyar ta ɗaga shi, ta rungume a ƙirji kamar ƙaninta. Ta ce, "Yanzu ka fara hankali."

Na buɗe kwalin nan. Littafi goma sha ɗaya. Ba zan ɗora ko ɗaya a kanta ba sai na karanta, tunda haka dokar wurin take. Na yanke shawara a gaban Baba zan riƙa karantawa, da ƙarfi, bayan na rufe shago. Ko bai juyo ba, kunnensa yana nan.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na fara da na ƙudan zuma, don shi ne mai hoto a bango. Shafi shida cikin awa guda. Yaya ta leƙo ta ce, "Auta, karatu kake yi ko tura mota?"

Amma abin da ke ciki! Wai in guda ta samo furanni, sai ta dawo gida ta yi rawa, kuma daga rawar 'yan uwanta suke gane ta ina za su bi da nisan wurin. A cikin duhu, ba baki, ba murya. Na karanta wurin sau uku don in tabbata ba ni na ƙara ba. Na ajiye littafin na ce, "Baba, ka san da wannan?" Na manta ba zai amsa ba.

Sau nawa na kori zuma daga bakin kofina, ban san mai ɗauke da labari na kora ba.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Karatun nan kamar naɗin wayar fanka yake. Zagaye ɗaya ba komai ba ne. Sai ka yi ɗari huɗu ba ka tsallake ko ɗaya ba, sannan ta juya. Na kai shafi na hamsin da biyu.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na ga wani abu. Ina tsoron rubuta shi.

Hannunsa na hagu yana kan bargo, ta bayansa. Yau idona ya tsallake layi, na haɗa kan wata jimla da wutsiyar wata. Sai yatsunsa suka damƙe bargon. Na koma na gyara, suka saki. Na ce ko dacewa ce. Da na kai shafi na gaba na tsallake layi da gangan. Suka damƙe.

Na ci gaba da karatu kamar ban gani ba, amma baƙaƙen rawa suke yi mini.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na kira Yaya ta tsaya a bakin ƙofa. Na tsallake layi. Na sake tsallakewa. Na karanta shafi guda daga ƙasa zuwa sama. Hannun yana kwance kamar ba nasa ba.

A waje ta dafa kafaɗata. "Auta, kai ne kake son ka gani. Ni ma ina so. Amma ba zan bar shi yana kallon bango har ya ƙare ba. Can akwai asibiti kusa da ni."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Saura kwana goma.

Alhamis, 21 ga wata, da rana

Mai wayoyi ya zo da tef yana auna faɗin ƙofa. Na ba shi kujera. Ba laifinsa ba ne.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sarkin Tambaya ta zo ta ba ni rahoto, ba wanda ya tambaye ta. Ta kai shafi tamanin. Ta ce a can ƙasa rana ba ta taɓa isa ba, amma halittun wurin da yawa da haskensu suke yawo. Ta ce kifin nan ba shi yake kunna fitilar ba, wasu ƙananan halittu ne suke zaune a ciki suna haskawa, shi kuma ya ba su masauki.

"Kamar 'yan haya," in ji ta.

Na ce ƙarya ne. Ta buɗe ta nuna mini. Gaskiya ne. Muka tsaya mu biyu muna kallon hoton, mummunan kifi, haƙora kamar ƙusoshi, da 'yar fitilarsa a cikin wannan baƙin ruwa. Duk wannan yana can yana faruwa yanzu haka, ina nan ina share kanta.

Ta ce, "Ka gaya wa Baba Mai Littafi na nemo. Ka ce kuma ina da sababbin tambayoyi goma sha biyu."

Na gaya masa. Bango.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gama na zuma. Littafi na farko da na taɓa kaiwa ƙarshe a rayuwata. Na rufe shi na rasa inda zan sa kaina, na fita na zagaya layinmu sau biyu. Kowa yana harkarsa kamar ba abin da ya faru.

Da na dawo na zauna a bakin gadonsa. Na ce, "Baba, abin da na faɗa ranar, ban san me nake faɗa ba." Iyakar abin da na iya ke nan.

Na karanta masa ƙanana biyu na yara daga kwalin, don su ba sa cin lokaci. Ɗaya na wani jirgin ƙasa ne da ya yi barci a tasha. Ɗaya na wata tururuwa ce da take karɓar kayan kowa ta ɗora a kai, na makwabta, na tsofaffi, na marasa lafiya, har ta manta yadda ake sauke kaya, ta kwana da su a tsaye. Na yara ne, amma sai da na yi gyaran murya kafin in ƙarasa.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kawu Tela ya zo gida da sabuwar riga, da akuyarsa a aljihu. Ya gaisa da Yaya, ya shiga ya zauna, ya ce wa bayan Baba, "Mai Littafi, na zo in ba ka labarin ɗinkin nan. Ɗinki dai ba laifi."

Sannan ya buɗe ya karanta. Da ƙarfi, a gabana, a gaban Yaya, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Shafi goma sha shida, minti arba'in. A kalmomin nan uku ya tsaya, ya ja numfashi, ya haye su ɗaya bayan ɗaya. Gumi har gemu. Da akuyar ta kai tsallaken gada ya rufe littafin ya ce, "To. Ni da ita mun haye."

Yaya ba ta san labarin ba, amma ta gane. Ta rufe baki da gefen mayafi.

Kafaɗar Baba ta girgiza sau biyu. Yaya ta ce tari ne. Wataƙila tari ne.

Alhamis, 28 ga wata, da safe

Yaya ta sauko da akwatin Baba daga saman kabad. Tana ninke rigunansa.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe takwas na yamma

Bari in rubuta shi a jere kada in rikita.

Guda huɗu kawai na iya gamawa cikin goma sha ɗaya. Na ce ko shagon zai rufu gobe, waɗannan huɗun sai sun sami masu su. Na yanka takardu, na zauna tun safe ina tunanin mutanen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya fi naɗin waya wuya. Sai ka tuna yadda mutum yake tafiya, da abin da yake yawan faɗa, da abin da ba ya taɓa faɗa.

Da yamma na kawo su ɗakin Baba. Yaya tana durƙushe tana cusa magunguna a aljihun akwati. Na ce, "Baba, ga aikina, ka ji."

"Na zuma, mai gadin makaranta. Shi kaɗai yake wuni, kuma yana son kallon bishiyoyi."

Shiru.

"Na jirgin ƙasa, ɗan mai wanki, wanda ba ya son tashi da safe."

Shiru. Na karanta na uku, shiru.

"Na tururuwa, 'yan aji ɗaya. Malama ta karanta musu."

"A'a."

Na ɗauka daga waje ne. Murya ce kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Kwalbar magani ta faɗi daga hannun Yaya ta gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya bi ta.

"A'a."

Ya dafa katifa da hannun hagu. Na tashi zan taimaka, ya harare ni, harara irin tasa ta da, na koma na zauna. Ya daɗe yana fama. Ya juyo. Wata guda rabona da ganin fuskarsa sosai, ta rame, gefe ɗaya ya sauka, amma idanun nasa ne. Ya miƙo hannu na ba shi littafin. Ya zare takardata da haƙori ya tofar. Sannan ya miƙa littafin, hannun ya wuce ni, ya tsaya a kan Yaya.

Ta ce, "Ni? Baba, na yara ne fa. Ni da nake da yara uku."

Bai sauke hannun ba.

Ta karɓa. Ta zauna a ƙasa kusa da akwatin ta buɗe. Tana shafi na huɗu ta yi dariya ta ce, "Kai, Baba." Tana na tara ta daina dariya. Ban taɓa ganin Yaya tana kuka ba, ko ranar da muka rasa Inna ita ce take rarrashin mutane. Yau ta kifa kai a gefen katifarsa ta yi mai isarta, shi kuma ya ɗora hannun a kanta.

Yana kwance yana kallon bango, ashe yana jin littafin, yana jin takunta a tsakar gida, yana haɗa su.

Na fita na ba su wuri.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ta tafi da motar safe, ita kaɗai. Ta mayar da rigunan cikin kabad da kanta. Ta ce duk wata za ta zo, kuma in na yi wasa da ranakun asibiti sai ta cire mini kunne. Ita ta je ta ba mai wayoyi haƙuri.

Ni da Kawu Tela muka kawo Baba shago, ɗaya a kowane gefe. Tafiyar minti biyar ta ci mana rabin awa. Mutanen layi suna ta fitowa, yana ɗaga musu hannun hagu kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

Kalma ɗaya gare shi har yanzu, kuma bai yi mata rowa ba. Inda na ajiye kujerarsa, a'a. Yadda na jera kantar gaba, a'a. Shayin da na haɗa masa, a'a. Ɗan mai wanki da jirgin ƙasa, a'a, kuma ban gano na wane ne ba tukuna. Kawu ya ce, "Mai Littafi, ashe da ma ita ce kalmar da ka fi so."

Da za mu rufe na ɗauko na zuman, da takardar mai gadi a ciki, na nuna masa. Na tsaya ina jiran a'a. Ya karanta takardar, ya daɗe a kanta. Ya dube ni. Ya mayar da ita cikin littafin, ya daidaita bakinta da ɗan yatsa, ya miƙo mini.

Na kai wa mai gadi da kaina, da gudu.